Wane Fim Za Mu Kalla Ran Asabar?

Kallon fim yana cikin abubuwan da iyaye da 'ya'yansu ba su cika shan inuwa ɗaya a kansu ba. Iyaye da yawa suna ganin ɓata lokaci ne, wasu ma suna ganin hanya ce ta lalacewar tarbiyya. Mu kuwa 'yan makaranta, in dai an kashe fitila an kunna majigi, to, ko mene ne aka haska a bango za mu zuba masa ido har ya ƙare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne, a taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce wasu daga cikin iyayenmu sun nemi a soke fim ɗin da akan nuna mana a ɗakin cin abinci daren Asabar. Ba a yanke hukunci ba tukuna. To, kafin a yanke, ina roƙon iyayenmu su ba ni aron hankalinsu, 'yan'uwana ɗalibai kuma su yi haƙuri da abin da zan faɗa a kansu.

A ganina maganar duk ta rataya ne a kan zaɓe. Fim iri-iri ne, kamar yadda miya take iri-iri. Akwai na ban dariya, da na ban tausayi, da na faɗa, da na soyayya, da na tarihi, da na shari'a, kuma a cikin kowane iri akwai mai kyau akwai na banza. Ma'aunin da nake auna su da shi mai sauƙi ne. In an nuna fim daren Asabar, sai in kasa kunne ran Lahadi da safe a bakin famfo, inda muke wanki. In na ji ana ta gardama, wannan yana cewa da shi ne da ba haka zai yi ba, wancan yana cewa ai mutumin ba shi da wata mafita, to, fim ɗin ya yi. In kuwa ba abin da ya rage sai 'yan aji ɗaya suna kwaikwayon naushi, to, mun yi asarar man janareta.

Da farko ya kamata mu san abin da muke kallo. Hoton da muke gani yana motsi, a haƙiƙa ba ya motsi. Hotuna ne sandararru ake jerawa, a riƙa wucewa da su a gaban ido da sauri, guda 24 cikin daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ruɗe ya ɗauka abu ɗaya ne yake tafiya. Wanda ya iya lissafi ya buga ya gani: fim na awa biyu yana ɗauke da hoto 172,800 ke nan. Galibi ana ƙirga farkon silima daga ran 28 ga Disamba, 1895, sa'ad da wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, masu suna Lumiya, suka nuna wa jama'a irin wannan hoto a birnin Faris. Shekara talatin da 'yan kai bayan haka finafinai bebaye ne, sai a 1927 aka fito da mai magana na farko da ya yi tashe. Saboda haka duk abin da muka gani a bango wani ne ya zauna ya tsara shi. Shi ya zaɓi inda za a ajiye kyamara, da abin da za a yanke, da kiɗan da za a sa don gabanka ya faɗi. Wanda ya san haka ba zai ɗauki fim tamkar gaskiya ba, kuma zai fi jin daɗinsa, domin yana ganin gwanintar mai shi.

A ƙasarmu kakanninmu sun fara sanin wannan abu ne ta hanyar majigi, watau motar gwamnati mai yawo gari gari tana haska hotunan tsabta da na noma a ƙofar fada. Tsofaffi har yau suna tuna Baban Larai. Gidan silima na shiga da kuɗi kuwa, a Kano an buɗe Rex a 1937, sa'an nan wasu suka biyo baya. Daga 1950 da 'yan kai Kwarori masu gidajen suka fara kawo finafinan Indiya, Hausawa kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu, ko da yake ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen. Dalilin a fili yake. Sun ga mata masu lulluɓi, da 'ya'ya masu rusuna wa iyaye, da auren dole, da talaka a hannun mai kuɗi, duk abubuwan da suka sani a gida. Yanzu ma da aka sami masu fassara su da Hausa, abin sai ya daɗa.

Cikin na ban tausayi, wanda na fi so a nuna mana shi ne Mother India, watau Uwa Indiya, wanda Mehbub Kan ya shirya a 1957. Labarin wata mata ce mai suna Radha. Don bikinta surukarta ta ci bashin rufi 500 a wurin wani mai ba da rance da ruwa, wai shi Sukilala. Daga baya aka yi gardama a kan sharaɗin bashin, amma da yake manoman ba su iya karatu ba, takarda kuma a hannunsa take, sai dattawan gari suka ba shi gaskiya. Ya zamana kowace kaka kashi uku cikin huɗu na abin da suka noma nasa ne, uwar kuɗi kuwa tana nan ba ta taɓu ba. Mijin Radha ya tafi gyaran wata gona mai duwatsu don su ƙara abin da suke samu, sai dutse ya danne masa hannuwa biyu, ya rasa su. Kunyar zama mace tana ciyar da shi ta sa ya sulale da dare, ba a sake ganinsa ba. Ana nan sai ruwa ya yi gyara, ambaliya ta cinye gidaje da gonaki, ƙaramin ɗanta ya mutu, yunwa ta kama sauran. Sukilala ya ce zai ba ta abinci in ta sayar masa da mutuncinta, ta ƙi. Da kanta ta riƙa jan garma kamar saniya, har ta raini 'ya'yanta maza biyu.

Ɗayansu, Birju, ya tashi da ƙullin Sukilala a zuciya, har ya zama ɗan fashi. Ran da ya dawo gari ya kashe mai bashin, ya sungumi 'yarsa a kan doki ranar aurenta, sai uwarsa ta ɗauki bindiga ta ce ya sauke ta, domin ta riga ta yi wa gari alkawari ba za a ci mutuncin 'yar kowa ba tana raye. Ya ƙi. Ta harbe shi, ya mutu a hannunta. Wannan fim ya haura shekara sittin, amma har yau ba a gama gardamar ko ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Ni ina bayanta, sai dai ina ganin abin da ya fara kashe Birju shi ne takardar nan da ba wanda ya iya karantawa a gidansu. Wani abin mamaki, Nargis da ta fito a uwa da Sunil Dat da ya fito a ɗanta tsarar juna ne, duka an haife su a 1929. Gobara ta tashi wajen ɗaukar fim ɗin, ya shiga ya cece ta, a 1958 suka yi aure.

Na san abin da iyayenmu suka fi ƙi a finafinan Indiya shi ne waƙa da rawa. Abin ya samo asali tun daga fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, wanda ke da waƙa bakwai. A tsofaffin finafinan waƙar takan ɗauki wani sashe na labarin, ta faɗi abin da kunya ta hana mutum faɗa da baki. A yawancin na yanzu kuwa cusa ta ake yi don a nuna tufafi, ko rashinsu. Nan kam ina tare da iyayenmu. Na soyayya ba zan tsaya a kansu ba, domin in ka ga ɗaya ka ga ɗari: yaro talaka, yarinya 'yar mai kuɗi, uba ya ƙi, daga ƙarshe ya yarda.

Mu koma ga na faɗa, waɗanda 'yan'uwana suka fi yi wa tafi. Akwai wani labari guda da ya zaga duniya yana sauya riga. A 1954 wani mutumin Japan, Akira Kurosawa, ya yi fim ɗin da aka sani da Seven Samurai, watau mayaƙa bakwai. Wasu manoma ne 'yan fashi ke zuwar musu in an yi girbi su kwashe hatsi. Da suka gaji sai suka tafi birni neman mayaƙan da za su tsare su, alhali ba su da ladan da za su biya sai shinkafar da za su ciyar da su. Suka sami bakwai. Fim ɗin baƙi da fari ne, ya kusa awa uku da rabi, amma ba za ka ji tsawonsa ba, domin kana ganin yadda ake shirya yaƙi da hankali. Shugaban mayaƙan ya zana taswirar ƙauyen, ya sa a yi shinge nan, a cika can da ruwa, a bar hanya guda a buɗe da gangan don 'yan fashin su riƙa shigowa ɗaya ɗaya. Su arba'in ne, ya zana da'ira arba'in a takarda, duk wanda aka kashe sai ya soke ɗaya. A ƙarshe huɗu cikin bakwai suka mutu, manoma suka koma dashen shinkafa suna waƙa, sauran ukun suka tsaya gaban kaburbura, ba mai ko kallonsu.

A 1960 Amurkawa suka ɗauki labarin suka sa masa malafa da bindiga, ya zama fim ɗin kaboyi mai suna The Magnificent Seven, ƙauyen kuma ya koma ƙasar Meziko. A 1975 Indiyawa suka fito da Sholay, wanda ya ɗebi abubuwa da yawa daga waɗannan, sai dai mayaƙan sun koma biyu, ɓarayi ne ma: Amitab Baccan da Darmendra, wanda mutanen Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi. Wani tsohon ɗan sanda ne ya ɗauko su don su kamo masa Gabbar Sing da rai, ɗan fashin da ya hallaka masa iyali ya kuma sare masa hannuwa. Ban taɓa ganin bos mai ban tsoro kamar Gabbar ba, domin sai ya yi dariya ya ƙoshi kafin ya yi kisa. Sholay ya shekara biyar ana nuna shi a gidan silima guda a Bombai, birnin da yanzu ake kira Mumbai. Da za a nuna mana ukun nan a jere, Asabar uku, da mun gane abin da malamin adabi ke nufi da jigo da salo fiye da yadda muke ganewa a allo.

Amma tsoron da iyayenmu ke yi wa finafinan faɗa ba na banza ba ne, kuma wanda ya fi kowa nuna haka ɗan fim ne. Mustafa Alhassan na ƙasar Nijar ya yi wani ɗan gajeren fim a 1966, sunansa da Faransanci yake, ma'anarsa dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Suka sa malafa da takalma, suka sauya sunayensu zuwa na Turawa, suka hau dawaki, suka shiga addabar garinsu da sata da duka, har daga baya suka juya wa junansu. Kana dariya, kana kuma ganin ƙannenka a cikinsu.

Na mutanen Sin kuwa, kowa ya san Burus Li, wanda ya rasu a Hon Kon a 1973 yana da shekara 32, kafin a fito da Enter the Dragon, fim ɗinsa da ya fi shahara. Amma ni na fi son The 36th Chamber of Shaolin na 1978, watau ɗaki na talatin da shida, domin rabinsa duk labarin makaranta ne, ta kwana ma kuwa. Wani ɗalibi ne azzaluman mahukunta suka kashe masa mahaifi da abokai, ya gudu da rauni zuwa gidan ibadar Shawolin don ya koyi kunfu. Shekara guda yana shara. Da aka ba shi izinin koyo, sai ya ce shi daga ɗakin ƙoli zai fara; nan da nan aka watso shi waje. Ya koma na ƙasa. A nan ba a koyar da naushi ko ɗaya. Wani kududdufi ne tsakaninka da ɗakin cin abinci, sai ka taka 'yan itatuwan da ke yawo a kan ruwa ka haye, in ka faɗa ciki, kafin ka shanya tufafinka an cinye abinci. A wani ɗakin ɗiban ruwa ake da bokiti biyu, hannuwa a miƙe, an ɗaura maka wuƙaƙe a damtse, in ka sauke hannu su soke ka a haƙarƙari. A wani kuma an kafa maka sanduna biyu masu wuta a gefen fuska, ka bi haske da ƙwayar ido ba tare da ka juya kai ba. Ɗakuna 35 ne. Da ya gama aka ce ya zaɓi wanda zai shugabanta, sai ya roƙi a buɗe na 36, inda za a koya wa talakawan gari abin da aka ɓoye a bayan katanga. Duk ɗan aji huɗun da ke son ya warware lissafin jarrabawar ƙarshe alhali bai riƙe na aji ɗaya ba, ya kamata ya ga yadda aka watso wannan yaro.

Jaki Can shi ya haɗa faɗa da ban dariya. Yawancin tsalle-tsallensa da kansa yake yi, kuma a ƙarshen fim yakan nuna inda ya kuskure ya faɗi, da inda aka ɗauke shi ranga-ranga. Wajen ɗaukar Armour of God ya faɗo daga itace ya fasa ƙoƙon kai. Masu dira daga gadon sama a ɗakin kwana su riƙa tsayawa su ga wannan sashen kafin su tashi.

Ban dariya ya fi kowane iri wuya, domin in fim bai ba ka tausayi ba kana iya yin shiru, amma in bai ba ka dariya ba kowa ya sani. Sarkin wannan fage shi ne Cali Caplin, wanda aka haifa a Landan a 1889 cikin matsanancin talauci. Ana cewa daga sunansa ne Hausawa suka sami kalmar cali. A The Gold Rush na 1925, yunwa ta kama shi da abokinsa a wata bukka cikin ƙanƙara, sai ya dafa takalminsa, ya zuba a faranti, ya yanka da wuƙa cikin natsuwa kamar mai cin ɗan tsako a gidan sarki. Ya naɗe igiyar takalmin a cokali kamar taliya, ya tsotse ƙusoshin kamar ƙashi. A Modern Times na 1936 kuwa leburan masana'anta ne, aikinsa ɗaure noti daga safe har yamma, har ya zamana ko an tashi hannuwansa ba su daina juyawa ba. Ba ya bukatar mai fassara, kaka da jika za su zauna su yi dariya tare. In ka lura kuma, yunwa da wahala yake ba ka dariya da su, amma bai taɓa sa ka raina mai jin yunwar ba.

Wannan shi ne bambancin da ya kamata mu riƙa dubawa. A gida muna da namu gwanaye, kamar su Samanja da Ƙasimu Yero da Rabilu Musa Ibro, tsohon gandiroban nan da ya rasu a 2014. Ibro ya fi ba ni dariya in ya fito a talaka mai wayo irin na Gizo, wanda wayonsa ke komawa kansa. Amma akwai finafinan da duk dariyarsu ta ƙare a kan gurgu, ko mai i'ina, ko yadda wata ƙabila ke yin Hausa. A makaranta irin tamu, inda ɗan kowa yake, waɗannan ba su dace ba. Ko The Gods Must Be Crazy na 1980, mai labarin kwalbar Coca-Cola da ta faɗo daga jirgin sama a hamadar Kalahari, da ban dariya kam, amma a tuna a Afirka ta Kudu aka yi shi zamanin mulkin wariyar launin fata, ya kuma nuna mutanen dajin kamar waɗanda ba su san kome ba.

Akwai fim guda da nake roƙon iyayenmu su kalla su da kansu, ko da an hana mu. Sunansa Taare Zameen Par, watau taurari a ƙasa, Amir Kan ya yi shi a 2007. Wani yaro ne ɗan shekara takwas, Ishan, kullum shi ne na ƙarshe a aji, wansa kuwa kullum na ɗaya. Ya ce wa malamarsa baƙaƙen littafi rawa suke yi, aka ce iskanci ne. Ubansa ya gaji, ya kai shi makarantar kwana don a horar da shi, yaro ya daina magana, har zanen da yake so ya bari. Sai wani sabon malamin zane ya duba littattafansa, ya ga kuskuren iri ɗaya ne kullum: yana juya baƙaƙe, ya rubuta b a wurin d. Wannan wata lalura ce da likitoci ke kira disleksiya, ba ta da dangantaka da daƙiƙanci. Malamin ya tafi har gida, ya miƙa wa uban wani kwali mai rubutu da harshen da bai sani ba, ya ce ya karanta. Uban ya ce ba zai iya ba, malamin ya yi ta matsa masa yana cewa taurin kai ne. A nan uban ya gane. Ina jin babu ajin da ba shi da Ishan ɗinsa, yana can a kujerar baya ana kiransa dolo.

Shi kuma 3 Idiots na 2009 namu ne masu hadda. Wani ɗalibi ya haddace jawabin da zai yi a gaban manyan baƙi da harshen da bai ƙware a kansa ba, abokansa suka sauya masa 'yan kalmomi a takardar, ya hau dandamali ya yi ta zuba zagi da fara'arsa yana zaton yabo yake yi. Akwai 'yan wuraren da barkwancinsa ya wuce gona da iri, malami mai kula da majigi ya san inda zai tsallake.

Ga 'yan ƙungiyar muhawara kuwa akwai 12 Angry Men na 1957. A Amurka, in laifi babba ne, akan zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari su saurari shari'a, su faɗi ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Wani yaro ne ɗan shekara 18 ake tuhuma da kashe ubansa. Aka kulle su a ɗaki guda ana zafi, goma sha ɗaya suka ce ya aikata, wani ma sauri yake ya tafi kallon wasa. Mutum ɗaya ya ce shi dai a tsaya a duba. An ce wuƙar yaron ba irinta, sai ya zaro irinta daga aljihu, wadda ya saya a unguwarsu yaron. Wani tsoho mai ɗingishi ya ba da shaidar cewa cikin daƙiƙa 15 ya isa ƙofa ya ga yaron yana gudu, sai suka auna tsawon gidan, suka gwada tafiyar, suka ga ba ta yiwuwa. Babu mota, babu bindiga, babu waƙa, kusan duk fim ɗin a ɗakin nan aka yi shi, amma ba za ka iya tashi ba. Ba zan faɗi yadda ya ƙare ba.

Na ban tsoro kuwa, na aljanu da matattu masu tashi, ban ga amfanin nuna su a inda yara 'yan shekara goma sha ɗaya ke kwana, bayan gida kuma yana can nesa cikin duhu ba. Wanda ke son ya ga sirrinsu ya kashe sautin, zai ga rabin tsoron a kiɗa yake.

Waɗanda aka gina a kan labarin gaskiya suna bukatar lura. The Boy Who Harnessed the Wind na 2019 labarin Wiliyam Kamkwamba ne na ƙasar Malawi, wanda aka kora daga makaranta saboda rashin kuɗi lokacin yunwar 2001 zuwa 2002. Ya ci gaba da zuwa ɗakin karatu, ya ga hoton fanka mai ba da lantarki da iska a wani littafi, ya haɗa tasa da keken ubansa da tarkacen bola yana ɗan shekara 14. A fim an nuna fankar ta jawo ruwa ta ceci gonar ubansa nan take. A zahiri ta farko fitilu da rediyo ta kunna, famfon ruwa sai daga baya. Masu fim sukan matse shekaru su mai da su kwanaki don labari ya yi daɗi, saboda haka kada kowa ya kwashi fim ya zuba a takardar jarrabawar tarihi.

Duk da haka na tarihi sukan tura mutum neman littafi. Lion of the Desert, wanda muka fi sani da Umar Mukhtar, ya nuna malamin allon nan na Libiya da ya shekara ashirin yana yaƙi da Italiyawa, har suka rataye shi ran 16 ga Satumba, 1931. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Sarauniya, wanda Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya yi a 1986 daga littafin Abdulaye Mamani na Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ce ta garin Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa biyun nan, Bule da Shanuwan, a watan Afrilu na 1899. Rundunar nan ce ta ƙone Birnin Ƙonni, kuma cikin watan Yuli na shekarar sojojinsu da kansu suka kashe su a wajen Tasawa. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Mu da ke iya lissafo sarakunan Ingila, nawa ne cikinmu suka taɓa jin sunan Lugu?

Finafinan Hausa na bidiyo sun fara ne da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma tun daga Sangaya na 1999 yawancinsu hanyar Indiya suka bi, har da waƙa a cikin lambu. Amma akan sami masu fita daban. Mai Martaba na 2024, mai labarin rigimar gadon sarauta, shi Nijeriya ta aika gasar Oska ta Amurka. Tun kafin waɗannan duka kuwa akwai Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a Shaihu. Duk wanda ya karanta littafin ya san labarin: yaron nan na Kagara da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, aka haye hamada da shi zuwa Masar ya zama malami, uwarsa kuwa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai dab da mutuwarta. Fim ɗin ya yi shekaru ba a ganinsa, har aka gano faifansa a wani ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a birnin Barlin a 2018. Jamusawa sun zauna sun kalli Hausawa da ayarin raƙuma suna magana da harshenmu, mu kuwa da ake yi wa tambaya a kan littafin muna nan muna kallon kaboyi. Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Jos take. In shugaban makaranta ya amince, mu 'yan ƙungiyar Hausa za mu rubuta wasiƙar, shi kuma ya sa hannu.